Ɗaki na yoyo, mai gida ya toshe kunne: mu riƙe kuɗin haya ko mu kai shi kotu?

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni matar aure ce, ƴaƴana huɗu, muna haya a Garin Malam shekara shida ke nan. Mu huɗu ne a gidan, kowa ciki da falo, jika 15 a wata. Damina biyu ke nan ɗakina na yoyo, in hadari ya taso sai mun jera robobi mun naɗe katifa. Bana kuma bangon ɗakin da yara ke kwana ya tsage tun daga sama har ƙasa, salga ta cika tana tumbatsa. Wakilin Alhaji mai gidan ba ya fashin zuwa karɓar kuɗi, amma in an yi zancen gyara sai ya ce "za a zo". Ranar da muka matsa masa cewa ya yi wanda bai iya zama ya tashi, akwai masu jira. Maƙwabtana sun ce mu daina biya gaba ɗaya. Yayana da ke Niyok ta Amurka ya ce a can kotu ake kai mai gida a tilasta masa, mu ma mu yi haka. Maigidana yana aiki a Agadas, shi kuma cewa yake a yi haƙuri, don Alhajin abokin mahaifinsa ne. Na rasa ta wa zan bi.

Ɗiyata,

Kafin mu taɓa zancen kotu, ki fitar da yaran nan daga ɗakin yau, ba gobe ba. Ku cunkushe a falo, ko ki kai manyan wajen dangi su riƙa kwana har ruwa ya ɗauke. Mu mutanen Damagaram ba ma buƙatar a ba mu labarin abin da ruwa ke yi wa ginin ƙasa. A farkon Satumban 2024 da idonmu muka ga tsohon masallacin Birni, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwan sama. To in ginin da gari guda ke kula da shi ya faɗi, ina ga bangon da wakili ke cewa "za a zo"? Ki samu magini na kirki ya duba tsagar. Ki kuma ja layi da gawayi a ƙarshenta, ki auna faɗinta da tsinke, ki sake aunawa bayan kowane ruwa. Tsagar da ke ƙara buɗewa ba ta jiran kowa.

Ki sa maginin ya hau sama ya duba indararo, don sau da yawa toshewarsa ce ke sa ruwa ya kwanta a rufi har ya sami hanya. Ya soki azara ya ga ko gara ta cinye cikinta, ya duba gindin bango ko ruwa na kwanciya. In an yi wa ginin ƙasa shafen siminti, ya ƙwanƙwasa ya ji ko ya rabu da bangon, domin shafen nan kan ɓoye danshi, daga waje gida tsaf, ciki kuwa taɓo. Ki sa ya faɗa miki abin da gyaran zai ci, buhun siminti nawa, azara ko tol nawa, kuɗin aiki nawa, ya rubuta a takarda ya sa hannu. Takardar nan za ta yi miki aiki fiye da yadda kike zato.

Yanzu maganar maƙwabtanki. Na san zafin da ke sa mutum ya ce ba zai ƙara ba da ko dala ba. Ni ma na yi zaman haya shekaru, na kwana zaune da jariri a cinya ruwa na ɗiga cikin tasa. Amma kada ku riƙe kuɗin nan da ra'ayin kanku. Yau Alhaji ne ke da laifi, ku kuna da gaskiya tsantsa. Ranar da kuka tsallake wata biyu ba biya, kun miƙa masa sandar dukanku: shi zai riga ku zuwa gaban alƙali, kuma ba zancen yoyo zai kai ba, zancen bashin haya zai kai, wanda shi ne dalili mafi sauƙi na fitar da ɗan haya. Alƙali zai tambaye ku abu ɗaya, kun biya ko ba ku biya ba, sai ku tsinci kanku kuna kame-kame a shari'ar da ku ya kamata ku shigar. Ku biya, kuma kada ku bar wakili ya fita ƙofar gida ba tare da ya rubuta resi ba. In ya ce ba ya tafe da takarda, ku sayi littafi na ɗalibai, ya riƙa sa hannu da kwanan wata. In ta waya kuke turawa, kada ku goge saƙon.

Abin da yayanki ya faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar can ce. Birnin Niyok yana da kotu ta musamman da aka kafa a 1973 don rigingimun gidaje kawai. Ɗan haya kan shigar da ƙara ko ba lauya, hukumar birni ta tura mai bincike ya duba gidan ya rubuta abin da ya gani, alƙali ya ba mai gida wa'adi, abin da ke da haɗari nan take kuwa galibi awa 24 ake ba shi. Mu nan ba mu da kotun da aka keɓe wa haya ita kaɗai, kuma babu ma'aikacin da zai zo ya duba miki rufi don kin buga waya. Aikin da mai binciken can ke yi, nan ke za ki yi shi da kanki, ko ki biya a yi miki. Amma wannan bai sa doka ta bar ki a rana ba.

Nijar na da dokar haya tun 1996, ordonas mai lamba 96-016, ga kuma kundin dokokin farar hula da kotunanmu ke aiki da shi. Kundin nan bai yi nuƙu-nuƙu ba. Aya ta 1719 da ta 1720 sun ɗora wa mai gida ya miƙa gida cikin kyakkyawan hali, kuma ya ci gaba da yin duk gyaran da ya zama dole muddin ana haya, ban da ƙananan gyare-gyare na yau da kullum da ke kan mai zama. Makullin da kika karya, gilashin da yaronki ya fasa, kan famfon da ya lalace a hannunki, waɗannan naki ne, kada ki kai su gaban kowa. Rufi da bango na mai gida ne. Aya ta 1755 ta ƙara da cewa ko ƙaramin gyara ne, in tsufa ne ya jawo shi ko abin da ya fi ƙarfin mutum, ba ya kan ɗan haya. Salga ma an ambace ta da sunanta: aya ta 1756 ta ce yashe rijiya da kwashe salga na mai gida ne, sai in an rubuta akasin haka a kwantira. Ki tambayi maigidanki ko sun taɓa sa hannu a wata takarda lokacin shiga, a nemo ta a karanta.

Akwai abin da za ki iya ji daga bakin Alhaji ko wani malaminsa, gara ki ji shi a wurina tukuna. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, sanannen zance shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara. Abin da ake ba ɗan haya zaɓi ne: in aibin mai cutarwa ne, kamar yoyon rufi, yana da damar warware haya ya tashi, in kuma ya zaɓi zama to ya biya. Sai dai in ɗaki ya rushe ko amfanin gidan ya ragu, ana rage masa kuɗi gwargwadon abin da ya rasa. Daga nan ne "wanda bai iya zama ya tashi" ta samo ƙafa, kuma shi ya sa dattawa da yawa ba sa ganin Alhaji ya yi wani abin kunya. Ina gaya miki ne don kada ki tsaya jayayyar addini da su, ba za ki ci riba ba. Ki ce musu kawai ɗaki guda ya zama ba ya kwanuwa, kuma har a wannan zancen nasu ragi ya hau. A kotu kuwa dokar ƙasa ce ke aiki, ita kuma ta ɗora masa gyaran.

To amma ni ba zan ce ki fara da kotu ba, kuma ba don tsoron Alhaji ba. Ki tambayi kanki me kike so. Ba so kike a ci shi tara ba, so kike rufi ya daina zuba kafin ruwan Agusta ya kankama. Hanya mafi kusa zuwa ga wannan ita ce yarjejeniyar da gidajen haya da yawa a garin nan ke tafiya a kanta: ku gyara da kuɗinku, a riƙa cirewa a haya. Yawancin masu gidan da ke cewa "za a zo" ba mugunta ce zalla ba. Kuɗin haya na shigowa ana cinye shi a cefane da biki, ranar da aka ce a fitar da dunƙulen kuɗi don rufi sai a ga babu. (Ni kaina yanzu ina da ɗakuna biyu da na ba da haya, na san yadda zuciya ke tsinkewa in ɗan haya ya yi sallama da magini a bayansa.) In kuka ce masa ba sai ya fitar da komai ba, wata uku ko huɗu ne kawai zai karɓi rabi, kun sauke masa abin da yake gudu.

Sai dai nan ne mutane ke faɗawa rami. Su gyara a kan maganar baki, su zo cirewa mai gida ya ce shi bai sa su ba, ko ya ce aikin bai kai haka ba, ko ya ga gida ya yi kyau ya ƙara haya. Don haka ba a sayen ko buhu ɗaya sai an rubuta: aikin da za a yi, jimillar kuɗin, nawa za a riƙa cirewa kowane wata har zuwa yaushe, da cewa ba ƙarin haya ba sallama kafin kuɗin ya fita. Alhaji da kansa zai sa hannu, ba wakili ba, da shaidu biyu. Na ma fi zargin wakilin nan fiye da Alhajin. Kin tabbata koke-kokenku na isa inda aka aike su? Wakilin da ke cin kaso a kan abin da ya tara ba shi da wata riba a kai labarin da zai rage kuɗi. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a gidan haya mai ɗakin ke ce. Alhaji wataƙila rabonsa da leƙa gidan tun ranar da ya saye shi.

Nan ne abotar nan da maigidanki ke gani kamar katanga za ta zama ƙofa. Shi yana jin nauyin a ce ɗan aboki ya kai abokin uba ƙara, kuma nauyin nan na gaske ne, kada ki raina shi. Kada ki kira shi kina cewa ya bar ku cikin ruwa. Ki ɗauki hoton tsagar da bidiyon yoyon lokacin da ake ruwa ki tura masa ta WhatsApp, ki bar shi ya gani da idonsa inda ƴaƴansa ke kwana. Sannan ki ce masa kin yarda da shi, ba kya son a ɓata da Alhaji, shi ya sa kike so ya roƙi Baba ya je da kansa. Surukinki ya ɗauki takardar magini da hotunan ya sami Alhaji bayan la'asar. Dattijon da abokinsa ya ce masa "jikokina ne a ƙarƙashin bangon nan" da wuya ya ce wanda bai iya zama ya tashi. Akwai kuma dalili na doka da ya sa dole maigidanki ya shigo ciki: in sunansa ne a resi, shi ne ɗan haya a idon kotu. Ko dai ya zo, ko ya rubuta miki takardar wakilci a buga mata hatimi a hukuma can Agadas ya aiko.

In surukinki ya je bai yi nasara ba, sai mai unguwa. Ba al'ada ce kawai ba, dokar sarautun gargajiya ta 2015 ta ba sarakuna da masu unguwanni ikon sasanta mutane a irin waɗannan rigingimu, kuma ana rubuta abin da aka cimma, ko a rubuta cewa sulhu bai yiwu ba. Ku je ku huɗu tare, ku nemi a ba ku kwafin takardar. Tafiyarku tare ita ce rabin ƙarfinku. Mutum ɗaya ana iya ce masa ya kwashe kayansa, amma gida guda da kowa ke biya a kan lokaci, mai gida zai yi lissafi sau biyu. Ku zauna tun yanzu ku daidaita bakinku, ku san wa zai yi magana, don na sha ganin ƴan haya sun tafi tare, an ja ɗaya gefe an yafe masa wata guda, ya dawo yana cewa ai shi nasa yoyon da sauƙi.

Idan duk wannan ya ci tura, to kotu ba abin kunya ba ce, don irin wannan aka gina ta. Matakin farko wisiye ne, ma'aikacin shari'ar nan da ke zuwa ya ga abu da idonsa ya rubuta. Ku kira shi ya zo ya ga tsagar da rufin da salgar, ya ɗauki hoto ya yi takardarsa. Abin da wisiye ya rubuta ya gani yana da nauyin da hoton wayarki kaɗai ba shi da shi. Shi ne kuma zai kai wa Alhaji takardar gargaɗi mai wa'adi, cewa ya gyara cikin kwana kaza ko a tafi gaban alƙali. Aikinsa na kuɗi ne, ku tambayi farashi tun kafin ya taso, ku raba huɗu. Shari'o'i da dama a nan suke ƙarewa, domin mai gidan da ya shekara biyu yana cewa "za a zo" yakan nemo magini a satin da takarda mai hatimi ta iso ƙofarsa a gaban iyalinsa.

In bai motsa ba, ku nufi babbar kotun Zinder da takardunku duka: resi, takardar magini, ta mai unguwa, ta wisiye, hotuna. Ku fara da ofishin hukumar taimakon shari'a, ANAJJ, wadda aka kafa da dokar 2011 kuma take da ofisoshi a manyan kotuna. Bayanin da za su yi muku kyauta ne, su za su nuna muku alƙalin da ya dace da ƙararku, kuma marar hali na iya neman a taimaka masa da lauya. Ku gaya musu abin na gaggawa ne, akwai rai a ciki, ku tambayi hanyar da ake kira refere, wadda shugaban kotu ke sauraron abin da ba ya jira cikin ɗan lokaci. Kuma ku san abin da za ku roƙa, don alƙali ba ya ba da abin da ba a tambaye shi ba. Ku roƙi a umarci mai gida ya gyara cikin wa'adi, tare da tarar kowace ranar da ya ƙara. In ya ƙi, a ba ku izinin ku gyara a kan kuɗinsa ku cire a haya, wanda aya ta 1144 ta buɗe ƙofarsa. Ku roƙi ragin haya na watannin da ɗakin bai zaunu ba, da diyyar katifa da kayan da ruwa ya ɓata in kuna da shaida. Kin ga abin da maƙwabtanki ke so su yi da ƙarfin tuwo, wato taɓa kuɗin haya, shi ne dai za ku samu, amma da sa hannun alƙali. In akwai mai shago a jikin gidan, tela ko mai awo, shi dokarsa daban ce, ta kasuwanci ta OHADA da ƙasashen Afirka da dama suka haɗu a kanta, kuma ta ambaci rufi da manyan bangaye da ramin salga ƙarara a cikin gyaran mai gida.

Ba zan ɓoye miki ɗacin ba. Shari'a mace ce da ciki, kuma ko kun yi nasara zaman ba zai koma kamar da ba. Alhaji na iya gyarawa sannan ya nemi gidansa ta hanyar da doka ta yarda, ya ba ku wa'adi. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya zo da ƙarti ya cire ƙofa, ko ya yaye rufi, ko ya watsa muku kaya waje ba tare da hukuncin kotu ba. In aka yi muku haka, kada namiji ko ɗaya a gidan ya ɗaga hannu, ku ɗauki hoto ku kira wisiye ku tafi komisariya. Haka kuma in gyaran babba ne, doka ta ce ku jure ƙura da matsi, sai in ya wuce kwana 40 ne ake rage haya gwargwadon lokacin da ɓangaren da aka hana ku. In kuwa magini ya ce bangon ba ya gyaruwa sai an rushe, to babu alƙalin da zai tsayar da shi, abin da ya rage shi ne ku fita da kuɗin ajiyarku da na watannin da kuka biya gaba. Saboda haka ki fara cigiyar ɗaki a hankali tun yanzu, ko da ba za ki buƙace shi ba. Wanda ya san inda zai kwana gobe muryarsa ba ta rawa in yana magana da mai gida.

Salgar nan ita ce ba za ta jira surukinki ko mai unguwa ba, ga damina ga yara na wasa a tsakar gida. Ku haɗa kuɗi ku huɗu a kwashe ta cikin satin nan, amma kafin a fara ku tura wa Alhaji saƙo a wayarsa, shi da wakili, cewa salga ta cika, kun sanar tun wata kaza, za ku kwashe ranar kaza a kan kuɗi kaza kuma kuna neman a mayar muku. Ku karɓi resi a wajen masu aikin, ku ajiye shi tare da sauran. Kafin su zo, ki zuba toka ko farar ƙasa a bakin ramin safe da yamma, ki kuma ɗauke randar ruwan sha daga wannan kusurwar.